Takardar Sigari a Injin Alhaji Nuhu

A shekarar 1958, akwai wani direba a Makera mai suna Isiyaku, yana tuƙa akori-kurar Alhaji Nuhu, yana ɗauko doya daga Kakau. Motar ta fara zafi, tana ƙwanƙwasa a hawa.

"In ta sake tsayawa a hanya, ka ajiye mini makullina," in ji Alhaji.

Isiyaku ya san Mamman, wani direba da ba shi da mota, ya daɗe yana hangen makullin. Ya kuma san Mamman na yawan zama a garejin Kofur Monday, tsohon soja da ya koyi kanikanci a yaƙin Bama. Can Alhaji ya tura Isiyaku ya kai motar gyara.

Kofur ya kara kunne a injin ya ce, "Taimin ne, direba. Wuta na zuwa fulogi kafin lokacinta. In ta yi sauri, injin ya yi zafi. In ta makara, ya rasa ƙarfi."

Ya ɗiga alli a jikin gargaren fanbel. Ya buɗe distiributa, mai raba wa fulogai wuta, ya soka siririyar takardar sigari tsakanin ƙarafa biyu. Sai ya riƙa murɗa distiributar a hankali yana motsa leɓe, har ya ɗaure noti.

Motar ta tashi lafiya. Amma Isiyaku bai ga an canja ko ƙusa ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne alli, takarda, motsin baki, da Mamman a benci yana murmushi.

"Kofur, me aka rubuta a takardar nan?"

"Sunan surukarka," Kofur ya ce yana dariya.

Isiyaku bai yi dariya ba.

Washegari da hantsi ya goge allin da tsumma. Ya kwance notin, ya juya distiributa dama da hagu yana neman laya. Bai samu komai ba, ya ɗaure ta yadda ta tsaya.

A ranar, Alhaji da kansa ya shiga gaban motar. Ba su kai Kakau ba motar ta fara harbi kamar bindiga, lagireto ya tafasa. Da igiya aka jawo su Makera.

"Wannan ne gyaran naka?" Alhaji ya daka wa Kofur tsawa.

Kofur ya leƙa. "Ranka ya daɗe, ina allina? Shi ne shaidar inda fistin na cikin injin ke kaiwa sama. An kuma taɓa notin nan."

Isiyaku ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Alhaji. Na ga ya sa takarda."

"Ta awo ce," in ji Kofur. "Daidai lokacin da ƙarafan suka saki takardar, lokacin wuta ke fita. Bakin da na motsa kuwa, lissafi nake."

Alhaji ya miƙa hannu. Isiyaku ya sa makulli a ciki. Alhaji ya juya ya kira Mamman.

Kofur ya zaro takardar daga bayan kunnensa, inda take tun jiya, ya ba Isiyaku. Isiyaku ya duba gaba, ya duba baya. Fara ce fat.

Darasi: In ka ga aikin da ba ka gane ba, nemi a yi maka bayani har ka gane, kada zargi ya sa ka rusa shi da hannunka. Ku tura wa duk mai saurin zargin mutane.