Firjin Saude da Injin Alhaji Tanimu

An yi wani sarki mai tausayin talakawa, wanda ya ga matattun kayan lantarki sun cika kududdufan birninsa, masu ƙona waya don cire jan ƙarfe sun turnuƙe unguwanni da hayaƙi har jarirai suna tari. Sai ya kafa doka: kayan gida, motar fada ce za ta kwashe su zuwa ma'aikatar narkarwa da ke bayan kogi, kayan sana'a kuwa, mai sana'ar zai kai da kansa cikin kwana bakwai, in ya ƙi a rufe masa shago.

Akwai wata baiwar Allah, Saude, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Da ɗan shagon ƙofar gida take ciyar da marayu uku, tana sanyaya zoɓo a firji guda. Firjin ya mutu. Masu duba kaya suka tarar da shi a shago, suka rubuta na sana'a ne. Bayan kogi tafiyar yini ce, ita kuwa ko amalanke ba ta da shi. A layinsu kuma, Alhaji Tanimu mai ƙanƙara ya sa ƙarti suka ja mataccen injinsa na yin ƙanƙara zuwa tsakar gida, aka rubuta na gida ne.

Ranar kwana na shida Saude ta je fada ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ban san doka ba. Firjin nan a ɗakina yake har maigidana ya rasu. In an rufe shagon, ban san abin da zan ba yara ba."

Labarin injin Alhaji ma ya iso fada, aka kira shi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, nawa a gida aka same shi. Ko tsakar gidana ta zama kasuwa?"

Sarki ya dubi Waziri Buhari. "Ita da gaske sana'a take yi da nata, shi kuma da gaske nasa yana gida. Raba mini su ba tare da ka karya dokata ba."

Waziri ya sa aka kawo firjin da injin zuwa ƙofar fada, ya tsai da mata goma masu wucewa kasuwa. "Iyayena, wanne kuka sani a cikin waɗannan?"

Wata tsohuwa ta buɗe firjin. "Haba Waziri, ai irin nawa ne, har robar ƙofar ta saki kamar tawa." Suka zagaya injin sau biyu, tsohuwar ta riƙe haɓa. "Wannan kuma ta ina ake sa masa miya?"

Fada ta kece da dariya. Saude ba ta yi ba, bakin Waziri kawai take kallo.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, inda aka tarar da mataccen abu ba ya nuna asalinsa, domin mai ƙarti yana iya sauya masa makwanci, mai rauni kuwa ba ya iyawa. Abin da matan gida suka gane ba a koya musu ba, don gida aka ƙera shi, ko da an nemi abinci da shi. Abin da suka kasa gano ƙofarsa, na sana'a ne, ko da an shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida."

Sarki ya umarci Alhaji ya kai nasa kafin faɗuwar rana gobe, ya aika mota ta ɗauki na Saude, ya yafa wa Waziri alkyabba da hannunsa. Saude ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya riga ta.

Sarki ya ce, "Tashi, baiwar Allah. Hukuncin da mai ƙarfi zai iya kauce masa, mai rauni ya kasa, ba adalci ba ne, ko da sarki ne ya sa masa hannu."