Izinin Shiga Gidan Marini

An yi wani sarki a zamanin Turawa, mai suna Abdulƙadiri, wanda Razdan, Baturen da ke mulkin lardin, ya umarta ya raba 'yan doka da 'yan kwana-kwana, kowa da shugabansa. Sarki ya kira Waziri Zakariyya ya ce, "Waziri, ka raba musu aiki yadda wani ba zai taka na wani ba."

Waziri ya kwana uku yana nazari. Ya ba Tanimu, shugaban kwana-kwana, famfo da bokitai da tsani. Ikon wuce zauren gidan matan aure kuwa ya bar wa Barmo, Wakilin Doka, don kare mutuncin gidaje. Kowa ya yaba, shi ma ya ji daɗin kansa.

Ran nan da hantsi wuta ta kama gidan wani marini, maigidan yana karofi, matarsa Ladidi tana ciki da goyo. Tanimu ya iso da ruwa, ya tsaya a zaure yana jiran Barmo, wanda ke can kotu. Hayaƙi na tashi, ƙarti goma na tsaye, Allah Sarki.

Sai wata tsohuwa mai daddawa, Iya Dudu, ta ajiye tallarta ta kama hannun Tanimu. "Ɗan nan, takarda kake jira? Ni ce uwar gidan nan yau. Wuce."

Tanimu ya kutsa ciki da mutanensa. An fito da jaririn da rai. Ladidi kuwa ba ta kai la'asar ba.

Washegari Barmo ya kawo ƙarar Tanimu, wai ya keta haddinsa. Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Kai ka yi rabon, kai za ka yi hukunci."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda ya tsaya jira, umarnina ya bi; wanda ya kawo ƙara ma, umarnina ya bi. Na zauna a inuwa na raba aiki, ban tambayi ko mace ɗaya daga cikin waɗanda ke bayan zauren ba. Mai laifin yana gabanka, da rawani."

Sarki ya yi wa Iya Dudu kyautar gida, ya hukunta cewa inda wuta ta kama, mai ruwa ne shugaba har wutar ta mutu.

Waziri ya ɗauki renon yaron, amma bai sake yarda a kira shi mai hikima ba. In an tambaye shi ma'anar adalci, yakan ce, "Kada ka kafa doka sai ka ji ta bakin wanda za ta rufe wa ƙofa."