Tsibiran da Suka Rako Cindo Gida

Cindo ɗan Sarki Jatau ya fita daga gidan mutane sau bakwai bai waiwaya ya sallami masu raka shi ba. Abin da ya lalace ke nan, ba wani abu ba, kuma shi ya kusa cinye garin ubansa, Birnin Gawasa, da gonakinsa da rijiyoyinsa.

Shi Sarki Jatau, ɗan Nomau mai dogon mashi, jikan Barmo mai garkuwar fatar dorina, mutum ne mai nauyi, mai sanyin magana, wanda in ya zauna kan buzu da hantsi sai kiran la'asar ke tashinsa. Ɗansa kuwa Allah ya yi shi da ƙaiƙayin ƙafa: dogo, siriri, mai idon shaho, mai cin tuwo a tsaye, wanda bai taɓa jin ƙarshen labarin kowa ba. Ran nan fatake suka ba shi labarin Tsibirai Bakwai na Sarki Murjanu, sarkin aljannun teku, inda 'yan Adam ke zuwa yawon buɗe ido, su yi kwana arba'in, su dawo da ƙiba da taushin fata. Cindo ya ce shi yini ɗaya ya ishe shi.

Uban ya dube shi ya ce, "Je ka. Amma don Allah ka riƙa gama gaisuwa."

Kafin ya rufe baki Cindo ya kai zaure.

Ya bi gulbi kwana ashirin har inda ruwan daɗi ke faɗawa cikin na gishiri. Nan ya tarar da mai fito, Gwaggo Ladiyo, wata tsohuwar aljana gajera, kakkaura, mai haƙori ɗaya ja wur da goro, jirginta kuwa ƙoƙon bayan wata ƙatuwar kififiya ne.

Ta ce, "Maraba da ɗan sarki. Kwana nawa za a yi mana?"

"Gwaggo, tuƙa. Kafin rana ta faɗi nake so in gama."

"To, Allah ya ba ƙafa lafiya. Abu guda dai, mutanen tsibiran nan suna da rakiya, in suka..."

"Gwaggo, na ce tuƙa."

Ta tsuke baki ta tuƙa.

Tsibiri na fari, yashinsa fari fat kamar garin shinkafa, itatuwan kwakwa dogaye-dogaye, rusunannu-rusunannu, suna leƙen fuskarsu a cikin ruwa shuɗi garai-garai wanda mutum ke hango kifaye jajaye da masu ruwan ɗorawa suna kai da kawo har ƙasansa. Hakimin wurin ya shimfiɗa kilisai, ya fasa wa baƙo kwakwa da hannunsa. Cindo ya kurɓa sau biyu, ya yi ƙulli ɗaya a bakin rawaninsa don ya nuna a gida, ya miƙe. Hakimi da jama'arsa suka biyo shi bakin ruwa suna jira ya juyo ya ce, "A koma haka, na gode," abin da ko yaron goye ya ji ana faɗa. Shi kuwa ya faɗa jirgi yana tambaya, "Na biyun da nisa?"

A na biyu, inda aku dubu ke zaman shari'a a kan rassa, bai tsaya jin hukunci ba. A na uku akwai maɓuɓɓuga mai ɗumi da ke warkar da ciwon baya na shekara hamsin, ya tsoma babban yatsan ƙafa ya cire. Haka ya bi sauran, ƙulli, tsalle, jirgi. A na bakwai, cikin fada ta jan murjani da farin lu'ulu'u, Sarki Murjanu mai gemun kumfar teku ya fara gaisuwa irin ta manya, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, yana shirin tambayar lafiyar Sarki Jatau sai ya ga ƙeyar baƙo a bakin ƙofa. Ya sauko daga karaga ya bi shi da rakiya.

Gwaggo Ladiyo ta ce, "Ɗan sarki, ba ka waiwaya?"

Ya ce, "Abin da na gani na riga na gani."

Ya koma Gawasa ya baje ƙulli bakwai a fada yana ta cika baki. Bai yi wata ba mata suka dawo daga rijiyar gabas suna tofar da yawu, ruwa ya zama gishiri. Shinkafar fadama ta yi ɗorawa ta kwanta. Wata safiya masu gadin ganuwa suka hango kawunan kwakwa inda jiya gonar dawa take. Tsibiran nan ne, su bakwai, a jere cikin gulbi, suna tafe sannu-sannu, teku na biye da su tana haɗiye gona bayan gona, aljannu kuwa na tsaye a bakin yashi cikin ladabi, hannuwa a baya.

Sarki Jatau ya fita da kansa, ya ce, "Lafiya, ɗan'uwana sarkin teku, ka taso da ƙasarka gaba ɗaya?"

Murjanu ya ce, "Lafiya lau, Allah ya ja zamaninka. Rakiya muke yi. Baƙonmu bai sallame mu ba, mu kuma a wurinmu mai rakiya ba ya juyawa don kansa, abin kunya ne har jikoki. Teku kuwa ba ta rabuwa da mu. Mun gaji ƙwarai, amma ba mu da ta cewa."

Cindo ya hau ganuwa ya kware murya, "A koma haka! Na gode!" har sau bakwai. Aljannu suka yi ajiyar zuciya suka ɗauki sandunan tuƙi. Tsibirai suka ƙi juyawa. Sai rawa suke, suna miƙa hanci wajen da Cindo yake.

Gwaggo Ladiyo ta tofar da tuƙar goro ta ce, "Ai an makara, uban 'yan sauri. Shekara dubu suna zaune lafiya, ka zo ka koya musu yawo. Ƙaiƙayinka ya kama su. Yanzu kai suke bi. Taka ka gani."

Ya yi taku uku zuwa cikin gari, teku ta lashe gona uku. Ya zauna daɓas a kan ganuwa, komai ya tsaya cik, ko ganye bai motsa ba.

Ya ce, "To sai yaushe za su warke?"

"Sai ka mai da su inda ka tashe su, ka zauna a kai. Ran da ka ɗaga ƙafa ka bar su, ran nan za su biyo ka."

Cindo ya dubi ubansa. Sarki Jatau ya ce, "Ba zan ce ka tafi ba, bakina ba zai iya ba. Amma rijiya ɗaya ta rage mai ruwan sha, ta bayan masallaci, kuma mutum dubu goma ke layi a kanta."

Daga kan ganuwa ana hango hanyar arewa, wadda ita kaɗai Cindo bai taɓa bi ba, ya kuma riga ya sa a ɗinka masa takalma dominta. Ya kalle ta, ya kalle ta, ƙafafunsa na ƙaiƙayi. Ya sauko ya nufi jirgin Gwaggo.

Uban ya bi bayansa, da tsufansa, har ruwa ya kai masa gwiwa, har ya kai ƙugu, bai tsaya ba. Nan ne Cindo ya juyo, karo na farko a rayuwarsa, ya durƙusa a cikin jirgi ya ce, "Baba, a koma haka. Na gode."

Tsibirai suka bi shi suka koma mazauninsu, teku ta janye, bayan damina biyu rijiyoyin Gawasa suka yi daɗi. Sarki Murjanu ya tara aljannu, aka buga tambura, aka naɗa wa Cindo sarautar Magajin Tsibirai da rawanin nan mai ƙulli bakwai, aka zaunar da shi a kan ƙaramin tsibirin da ke tsakiyarsu, wanda mutum ke kewayewa kafin ya gama tauna goro ɗaya. Masu yawon buɗe ido sukan ce ba wanda ya kai shi sa'a, ga inuwa, ga iska, ga kifi. Shi dai yakan raka kowa bakin ruwa ya tsaya, ya tambaye shi me ke arewa da Gawasa.

Shekara arba'in ya yi yana kewaya wannan ɗan yashi, har sawunsa ya haƙa rami iya gwiwa. Da labarin rasuwar ubansa ya zo, ya sa ƙafa ɗaya cikin jirgi, tsibirai bakwai suka motsa, ya mai da ita. Takalman da aka ɗinka masa na hanyar arewa suna rataye a jikin kwakwa har gishiri ya cinye su, bai taɓa sa su ba.