Kwaɗon da Ta Sa wa Ƙofar Bene

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da mahaifinta ya kusa ƙure mata haƙuri, kuma ba don ta rage shi da komai ba.

Tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da biyar ya yi a kan hanya kafin shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi. Ta ɗauko shi zuwa gidanta, ta ba shi ɗakin ƙasa da ke kusa da banɗaki. Sabuwar katifa, fanka, magani a kan lokaci, gishirin miyarsa ma a aune. Taga ɗaya ce a ɗakin, bangon maƙwabci take kallo.

Amma tsohon nan ya ƙi zama. Da ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki sandarsa, yana jan ƙafa, ya nufi matakalar da ke hawa rufin gidan. Sau biyu tana tsintarsa a mataki na huɗu yana haki. Na uku ya faɗi, goshi ya fashe. Ita ta yi masa ɗinkin, tana yi tana faɗa.

"Baba, don girman Allah me ka ajiye a saman nan? Tankin ruwa ne fa da igiyar shanya!"

"Wani abu zan duba, Uwata."

"Wane abu?"

"Abu dai."

Ranar ta sayo kwaɗo ta garƙame ƙofar benen, ta jefa makullin a aljihun rigar aikinta.

Baba bai yi musu ba. Ya dai daina cin abinci. Cokali biyu, sai ya ture kwanon ya juya wa bango fuska. Ta canza girki, ta auna jininsa, ta kai shi gwaji, komai lafiya lau. Cikin sati uku wandonsa ya soma zame masa.

"A asibiti gado ashirin nake kula da su, babu mai ja da ni," ta ce wa mijinta tana buga murfin tukunya. "Na dawo gida tsoho ɗaya ya gagare ni!"

Mijin mai walda ne, ba shi da yawan magana. Shi ke yi wa surukin nasa aski, kuma ranar ya daɗe a ɗakin.

"Na tambaye shi," ya ce.

"Ni ban tambaye shi ba ne?"

"Kin tambaya, amma a tsaye, da allura a hannu."

Ta harare shi. Ya ci gaba a hankali. Wai lokacin da Baba ke tuƙi, duk inda asuba ta riske shi sai ya faka, ya yi salla, ya hau saman kaya ya zauna har gari ya waye. Yana kallon sama tana buɗewa har ya ji shi ba komai ba ne, damuwarsa ma ba komai ba ce. A nan yake jin kusancin Ubangijinsa. Yanzu wata huɗu ke nan bai ga komai a samansa ba sai silin.

"To ba yana salla ba? Ga carbi, ga rediyo na saya masa! In ya faɗo ya karye, kai za ka ɗora shi?"

"In kuma ya ƙare a kan katifar nan fa, ba karaya ko ɗaya?"

Ta rufe tukunyar ta bar wurin.

Da asuba ta cilla wa mijin makullin. "Ungo. In kuka gangaro ku biyu, kada wanda ya kira sunana."

Mijin ya durƙusa ya goya surukinsa. Tana biye da su, hannuwa a buɗe kamar mai tarar jariri, bakinta bai huta ba. "A hankali mana! Baba, riƙe wuyansa, ba kunnensa ba!"

Suka zaunar da shi a kujerar roba kusa da tankin. Gabas ta fara ja. Tsohon ya ɗaga kai, leɓunansa na motsi, hawaye na bin gefen fuskar da ya shanye. Ta matso za ta ce sanyi zai kama shi, sai mijin ya riƙe mata yatsu ya girgiza kai.

Don rashin abin yi, ita ma ta ɗaga ido. Shekara shida tana hawa nan shanya, kanta a cikin bokiti. Ba ta taɓa sanin haka saman gidanta take da faɗi ba. Wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjinta ya saki.

Sai da rana ta fito sosai Baba ya yi gyaran murya.

"Uwata, ko akwai shayi? Da burodi, in an samu."

"Yanzu kuma? Sai da na hau mataki ashirin da biyu?"

Ta juya ta sauka tana mita, tana goge ido da gefen mayafi. Da ta dawo, kofi uku ne a kan faranti.

Darasi: Ɗan Adam ba ciki ne da jini kawai ba. Zuciya ma tana jin yunwa, yunwar tsayawa gaban abin da ya fi ta girma ta tuna Mahaliccinta. Kafin ka hana tsohonka abin da kake gani shirme ne, zauna ka tambaye shi da kyau. Ku tura wa duk mai jinyar iyaye, wataƙila akwai ƙofar da ya kamata ya buɗe.