Binciken da Ya Tsaya a Zaure

Malam Rilwanu jami'in bincike ne a wata hukuma, haifaffen unguwar Ƙofar Gayan a birnin Zariya. Yana da ilimi, amma wallahi girman kansa ya fi iliminsa yawa. Shi ba a gaya masa magana.

Bayan zaɓen 'yan majalisa, ɗan takarar da ya faɗi ya kai ƙara cewa an sayi ƙuri'un matan unguwar da koriyar atamfa. Aka tura Rilwanu da abokiyar aikinsa Radiya su bincika. Shugabansu ya gargaɗe shi cewa in rahoton ya fito da ƙarya, a bakin aikinsa.

To, kowa ya san a cikin birni namiji baƙo iyakarsa zaure. Radiya ta ce, "Malam, bari in shiga wajen matan, ai su aka ce an ba."

Ya harare ta. "Ke Radiya, unguwarmu ce fa. Ke za ki koya mini Zariya?"

Haka ya kwashe kwana uku yana bin zaurukan mutane, ana shimfiɗa masa tabarma, ana dama masa fura. Kowane maigida ya ce, "Mu dai ba mu ga komai ba." Gaskiyarsu kuwa, don mata ne suka yi ta shiga da atamfar cikin hijabi. Gogan naka ya rubuta babu hujja, ya sa hannu. Haba jama'a, wannan shi ne bincike?

Ranar da aka kira shi kotun zaɓe, lauyan mai ƙara ya ɗaga hoton wani biki da aka yi a unguwar bayan zaɓe. Matan kaf sun yi anko da koriyar atamfar, tunda kowacce tana da ita. Lauya ya ɗora yatsa kan wata dattijuwa.

"Malam Rilwanu, wace ce wannan?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Da ƙyar ya ce, "Mahaifiyata ce."

Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ta, amma bai taɓa tambayarta ba. Ko sisi bai karɓa ba, sai dai wa zai yarda? Aka ce rufa-rufa ya yi, aka kore shi daga aiki.

Darasin da za mu ɗauka shi ne, wanda aka ba amanar bincike ya ajiye girman kai, ya tambayi waɗanda abin ya shafa. Inda ƙafarsa ba ta iya kaiwa, ya bar mai iya shiga ya shiga. Wanda ya sa hannu kan abin da bai tabbatar ba, shi zai ɗauki laifin, ko da bai ci komai ba.