Dalilin da Ya Sa 'Yan Dambe Ke Naɗe Hannu Ɗaya

Dalilin da ya sa kuke ganin ɗan dambe da hannu ɗaya a naɗe, ɗayan kuwa a sake yana miƙa shi gaba, ba abin da mazan nan suke gaya muku ba ne. Su in ka tambaye su sai su hura hanci su ce wai garkuwa ce. Garkuwar me? Ni 'yar mahauta ce gaba da baya, a bakin kakata na ji yadda aka yi, ita kuwa ba ta rufa wa namiji asiri. Ku gyara zama. Kai mai tsinken tsire a baki, cire shi kafin ka soke kanka.

A zamanin da, hannu biyu ake naɗewa. A sa tsumma, a bi da igiya, a yi ta naɗi har kowane hannu ya koma kamar tulu. Da an gama, ƙato ya zama jariri. Ruwa sai an ba shi a baki, majina sai an face masa, in tazugensa ya kwance sai ya tsaya yana rarraba ido har wani ya tausaya. Amma su a wurinsu wannan sarauta ce.

To, a wani gari da ake kira Tudun Ƙirya an yi wani mahauci mai suna Korau. Aikinsa a rumfar fawa babbaka kai da ƙafa da kankare ganda, don haka faratansa suka yi kauri, ba a banza ba. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, bai taɓa kai gwiwa ƙasa a filin dambe ba. Sai dai bakinsa ya fi damtsensa ƙarfi.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, nama ya ƙare da wuri, mahauta suka baje a rumfa suna shan fura suna hira. Cikinsu har da baƙi daga Gangaren Marke, sun zo da ɗan dambensu, wani dogo mai suna Nomau wanda ba ya magana sai murmushi. Murmushin nan ne ya ƙona wa Korau rai. Aka fara cika baki, wannan ya faɗa wancan ya ƙara, har mutanen Marke suka ce sun sa bijimi, ran Juma'a a gwada. Korau ba shi da ko akuya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, sai idonsa ya faɗa kan kalangun da ke rataye a jikin rumfa.

Ya ce, "Mu kuma mun sa kalangun garinmu. In Nomau ya kashe ni, ku tafi da shi."

Kun san kisa a dambe ba mutuwa ba ce. Gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, shi ke nan an kashe ka.

Kalangun nan shi kaɗai ne a Tudun Ƙirya, kuma na wani tsoho ne, Baba Tunau, makaɗin mahauta. Da shi yake zaga gari ya sanar an yi yanka, da shi yake raka amare, da shi yake ci yake sha tun yana saurayi. Lokacin da aka yi cinikin ya zaga bayan rumfa. Ya dawo ya tarar an tafa hannu a kan abincinsa.

Ya ce, "Korau, kalanguna ka sa? Ai da kanka ka sa, ga shi nan ƙato ba ya tsinana maka komai."

Korau ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ran Juma'a kai za ka fara cin tozon bijimin nan."

Tsoho ya rungume kalangunsa ya zauna, hawaye na bin gemunsa. Wallahi ko ni da nake ba ku labari sai na ji tausayinsa. Amma magana zarar bunu ce, ta fita gaban baƙi, ba dama a mayar.

Sai batun fili ya taso. Dandalin da aka saba yi ƙarangiya ta cinye shi a shekarar, ba mai iya taka shi ba takalmi. Sarkin Fawa ya zaga gari da sandarsa, ya hango masussuka a bayan gari, wato inda mata ke sussukar gero. Fili shimfiɗe, ƙasa lukwi, ba ko tsakuwa. Ya ce ai an ma share mana, a nan za a yi.

Mahauci kuwa ina ya san masussuka? Shi gero a kwano yake ganinsa, an riga an daka an dama. Matar Korau, Tabawa, ita 'yar manoma ce, kwana goma ta yi tana sussuka a filin nan. Da ta ji labari ta ajiye muciya ta tari mijinta a zaure.

Ta ce, "Maigida, a masussuka za ku yi? Ƙasar nan fa rabinta ƙaiƙayin gero ne. Mu da zane biyu muke shiga, mu fito mu yi wanka da toka."

Ya ce, "Ke Tabawa, naushin maza bai sa na yi ƙwalla ba, sai dusar gero? Koma kan tuwonki."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta koma kan tuwonta.

Ran Juma'a da la'asar gari ya tashi kaf. Masu ƙosai, masu rake, masu tallan goro, yara a kan bishiya, tsofaffi a kan buzu. Aka ɗaure bijimi a gefe. Baba Tunau ya rataya kalangu yana kaɗawa, bai sani ba ko kiɗan ƙarshe ke nan.

A lokacin akwai al'ada, kafin ɗan dambe ya shiga sai an ɗebi ƙasar filin an shafe masa jiki da ita, wai don ƙasar ta san shi kada ta kira shi. Aka naɗe wa Korau hannu biyu, aka naɗe wa Nomau. Mutanen kowanne suka cika tafi da ƙasar masussuka suka mulke nasu, ƙirji da baya, wuya da hammata, a kan gumi. Korau har yana cewa a ƙara.

Aka shiga fili. Suka zaga juna sau ɗaya, sau biyu. A na uku Korau ya ji wani abu ya ɗan tsikare shi a wuya. Ya girgiza kafaɗa. Abin ya sauka gadon baya, ya bazu haƙarƙari, ya gangara inda ba a faɗa gaban yara. Ya dubi Nomau, sai ya ga murmushin nan ya ɓace, dogon yana ta murguɗa ƙugu.

'Yan kallo suka ɗauka sabon salo ne. Aka yi ta shewa. Baba Tunau ya ga ƙafafu na sauri, shi ma ya ƙara wa kiɗa sauri.

Korau ya kai hannu zai sosa wuya, ya manta hannun tulu ne, ya zabga wa kansa naushi a kunne. Nomau ya kai nasa ciki, ya buge numfashinsa da kansa. Har aka yi rabin turmi, wato rabin zangon farko na karawar, ba wanda ya taɓa wani, amma kowa ya kumbura.

Babu abin da Korau yake so a duniya a lokacin nan kamar ya kwanta ya yi birgima irin ta jaki. Ƙasa na nan kusa, gwiwarsa har ta fara lanƙwasa. Sai ya ji kalangu ya yi wata irin ƙara, ya waiga ya ga Baba Tunau ya zuba masa ido, baki buɗe. Ya tuna in ya taɓa ƙasa tsohon nan ya rasa abincinsa. Ya miƙe, yana cizon leɓe, hawaye na zuba masa.

Suka rungumi juna kamar masu kokawa. Nomau, wanda ba a taɓa jin muryarsa ba, ya raɗa masa a kunne, "Ɗan'uwa, don girman Allah, kai ma kana ji?"

Korau ya ce, "Ji? Ni ji nake kamar an zuba min cinnaku a wando."

"Juya mu goga baya."

Suka juya suka haɗa baya suna gogawa, sama da ƙasa, a gaban garuruwa biyu. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "Yau kuma wane irin dambe ne wannan?" Gogar ba ta yi komai ba, sai ma ƙara tura ƙaiƙayin cikin fata da ta yi.

Suka nufi Sarkin Fawa tare, suna tsalle-tsalle. Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, a kwance mana hannu ɗaya ɗaya. Ɗaya kawai. Mu sosa mu ci gaba."

Sarkin Fawa ya ce tun kakanni ba a taɓa yi ba. Nomau ya ce in ba a kwance ba shi zai shiga rijiya. Dattawan garuruwan biyu suka haɗa kai, suka yarda, amma da sharaɗi: turmi bai ƙare ba, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi.

Aka kwance. Jama'a, zo ku ga susa! Kowa ya sosa inda hannunsa ya kai. Sai dai akwai wani wuri a tsakiyar baya da hannun mutum ba ya kaiwa, kuma nan ne abin ya fi taruwa. Nomau ya juya wa Korau baya ya ce, "Taimaka min, in ka gama in yi maka."

Korau ya sa faratan nan nasa na kankarar ganda ya fara. Daga cikin taron mata sai aka ji muryar Tabawa, ita da ta san inda ƙaiƙayi ke maƙalewa: "Maigida, tsakanin kafaɗu! Ƙasa kaɗan! Yauwa, nan!"

Da faratan suka sauka a wurin, Nomau ya lumshe ido. Ya ce, "Wayyo daɗi." Murmushinsa ya dawo, wuyansa ya saki, ƙafafunsa suka yi laushi, ya yi ta sulalewa a hankali yana cewa "nan, nan, kar ka daina," har gwiwoyinsa biyu suka dira a ƙasa.

Baba Tunau ne ya fara gani. Ya daka tsalle irin wanda bai yi ba shekara talatin, ya ce, "Kisa! Kisa ne wallahi!"

Rigima ta kaure. Mutanen Marke suka ce ina aka taɓa kisa da susa? Mutanen Ƙirya suka ce gwiwa dai ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba? Aka tambayi Nomau, yana nan durƙushe bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Ku ba su bijimin. Ni dai a ƙarasa min gefen hagu."

Haka kalangu ya tsira. Baba Tunau ya ci tozo, har ya kai wa Tabawa rabi da hannunsa. Korau kuwa ya so a ce da naushi ya yi kisan, amma tsohon bai manta wanda ya sa masa kalangu a caca ba. Tun daga ranar, duk inda Korau ya shiga fili, kirari ɗaya yake kaɗa masa: "Korau mai farce, kashe maza da daɗi!" Har Korau ya tsufa da jikoki, in ya ratsa kasuwa sai ka ga ƙatti suna juya masa baya suna cewa, "Baba, ɗan taimaka."

Labari ya bazu gari gari. Kowane ɗan dambe ya ce shi ba za a sake naɗe masa hannu biyu ba, wa ya san filin da za a kai shi gobe? Shi ya sa har wa yau hannu ɗaya suke naɗewa, ɗayan su bar shi a sake da yatsu a buɗe. In kun je kallo ku lura da yadda kowa ke tokare abokin karawarsa da shi, ba ya yarda ko kusa a zaga masa ta baya. Naushi suna iya jurewa, susar ce suke tsoro.