Jajayen Ƙyallayen Gonar Inna Talatu

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, ana ce mata Inna Talatu. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da gona ɗaya, kuma geron gonar nan shi ke riƙe gidan daga kaka zuwa kaka.

Ɗanta na fari, Abduljabbar, ya yi karatu har ya zama malamin jami'a. In aka tambaye ta me yake koyarwa, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wai kula da itatuwa da ƙasa." Abin yana ci mata rai. 'Ya'yan mutane sun zama likitoci, wasu kwastan a Maigatari, nata kuwa duk bokon nan ya ƙare a kan sabara da kalgo!

Wata shekara ya zo lokacin sharar gona, ya hana a sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututturai. Ya rage rassa, ya bar biyu-biyu masu ƙarfi, ya ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don kada 'yan ƙwadago su taɓa. Duk hutu kuma sai ga shi da ɗalibai, suna aune-aune suna rubutu.

Bai yi mata bayani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, balle ta zaunar da shi hira. In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta kau da kai ta ce, "Lafiya," shi ke nan.

A shekara ta uku surutu ya ishe ta. A wajen wani suna, ƙawarta Gudaji ta ce, "Talatu, jan ƙyalle a jikin itace? Mu dai a saninmu 'yan bori ke wannan. Ko a jami'ar ake koyarwa?" Mata suka kwashe da dariya.

Ilu, ƙanin mijinta, shi ma ya zo da tasa. "Yaya, gonar ɗan'uwana ta koma daji. Wane manomi ke barin sabara a tsakiyar gero?"

Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Ɗauki gatari, Ilu. Na gaji!"

Ranar Laraba ya fara daga gabas, ya kwantar da rabin itatuwan. Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari da ragunansa. Juma'a da safe Abduljabbar ya iso. Ya je gona, ya dawo da ƙyallaye cike da hannu.

"Inna, wa ya sare?"

"Ni na sa."

"Aikin shekara uku ne fa, Inna."

"Aikin me? Ana ce mini uwar ɗan bori a gari! Wajen suna ma ya gagare ni zama!"

"Da kin tambaye ni."

"Kai bakinka ciwo yake? Ka iya tsayawa gaban 'ya'yan mutane kana bayani har ka gaji, ni da na haife ka sai dai in ga tsumma a gonata?"

Ya sunkuyar da kai, domin ya san ta yi gaskiya. Can ya ce, "Na yi laifi. Amma don Allah ki bar mini ragowar har ruwa ya sauka."

Ta yi tsaki ta shige ɗaki. Amma ta aika wa Ilu ya dakata.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito kamar tsawon yatsa. Sai wata la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta riga ruwa zuwa, ɗauke da yashi. Washegari Inna Talatu ta je gona, ta tsaya ta riƙe baki. Inda aka sare, yashi ya binne shukar, ko kore ɗaya babu. Inda itatuwan suke kuwa, sun tare iskar, gero yana tsaye abinsa.

Sau biyu aka sake shuka a gabas, bai yi abin kirki ba. Da kaka rumbu ya tsaya a rabi, kuma rabin nan daga ƙarƙashin jajayen ƙyallayen ya fito. Waɗanda babu itace a gonakinsu kuwa, irin su Gudaji, ko rabin ba su samu ba.

Da Abduljabbar ya zo hutu, ya tarar da ita tana yayyanka tsohon jan zanenta da reza. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai wannan, kututturan sun sake toho. Zauna nan ka faɗa mini komai tun daga farko. Kuma ban da Turanci."

Gudaji ta leƙo ta katanga. "A'a, Talatu, ke ma kin shiga borin?"

"Na shiga. Ke je ki duba rumbunki, sannan ki dawo mu yi dariyar."

Darasi: Kada surutun mutane ya sa ki rushe abin da ba ki tambayi dalilinsa ba. Kunya ado ce, amma in ta hana uwa da ɗa magana, gidan ne zai yi asara. Ku kuma masu ilimi, ku fara koyarwa daga tsakar gidanku kafin aji. Don Allah ku tura wa iyaye mata irina, da 'ya'yanmu 'yan boko masu nauyin baki.